Fasfon Inna da Kunyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "kai". In tana ba da labarina sai ta ce "wancan na birni". In kuwa na ɓata mata rai, sai in koma "yaron nan", alhali furfura ta riga ta cinye min rabin gemu. Ƙannena biyar duk tana kiransu gatsal, autanmu ma har da kirari. Kunyar ɗan fari ce, kowa a ƙauyenmu da ke gefen Miga ya san ta, ni kuma sai aka ƙara min da sunan kakana na wajen uba, wato surukinta, abin ya zama kunya kan kunya. Ban taɓa ɗaukar lamarin da zafi ba, ko kuma dai haka nake gaya wa kaina, har shekarar da fasfonta ya ɓata.

Inna ta daɗe da niyyar Hajji. Tun mahaifinmu yana raye take kiwon tumaki da wannan niyya, in an tambaye ta na layya ne sai ta ce a'a, na tafiya ne. A shekarar da nake magana Allah ya nufa ta samu kujera. An riga an yi mata fasfo, saura ta kawo shi Dutse a miƙa a ofishin alhazai. Na ce ta bar shi a hannuna tun ranar da aka karɓo, ta ƙi. Ta ce ba a ba ɗan boko ajiya, takardu sun yi masa yawa, bai san mai daraja ba. Ta tafi da shi ƙauye ta sa a ƙasan adaka.

Ranar da za ta kawo shi, ta naɗe shi a ƙyalle, ta sa a baƙar leda, ta ɗaure bakin ledar tamau, ta shigo motar haya. A motar nan kowace mace tana da baƙar leda, kuma duk a ƙarƙashin kujera ɗaya aka cusa su. Da ta iso gidana a unguwar Limawa cikin Dutse, ta sha ruwa, ta yi sallah, sannan ta ce wa maiɗakina ta kwance ledar. Busasshiyar kuɓewa muka tarar a ciki, wajen rabin kwano, mai kyau kuwa. Wata baiwar Allah da ta sauka a hanya ta tafi da fasfon Inna, ta bar mana miya.

Na je tasha, na yi cigiya, direban ya rantse bai san matar ba, bai ma tuna a wane gari ta sauka ba. Kwana uku muna jiran ko za ta dawo da shi, shiru. A ofishin alhazai wani dattijo ya yi min bayani a tsanake. Ya ce ana iya sake wani, amma sai da takardar 'yan sanda mai nuna cewa an kai rahoton ɓatan na farko, kuma ƙarshen wata za su rufe karɓar fasfo. Wanda bai kawo ba, kujerarsa ta koma hannun wani. Na duba kalanda a bangon ofishin, na ga kwana goma sha tara. Na ce ai da sauƙi, takarda ɗaya ce.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma ciwon malamin lissafi shi ne yana zaton komai na duniya yana da hanya ɗaya da amsa ɗaya. Ban taɓa shiga caji ofis ba sai a lokacin. A zatona za ka je kanta, ka faɗi abin da ya kawo ka, a rubuta, a buga hatimi, ka yi godiya ka fito.

Caji ofis na farko da muka je, ɗan sandan da ke kan kanta ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mana jaje, sannan ya tambaya a ina abin ya ɓata. Na ce a mota. Ya ce a ina motar take a lokacin. Na ce tana tafiya. Ya ce to ai nan ne maganar take, don kowane ofis da huruminsa, rahoto kuma ana kai shi ne inda abu ya faru. Tunda daga wajen Miga motar ta taso, mu fara can. Washegari na ɗauki uzuri a makaranta, na ɗauki Inna muka koma hanyar da ta baro. A can aka ce mana ai ba a gane ya ɓata ba sai a Dutse, saboda haka a Dutse ya ɓata. Na ce to tsakanin nan da can fa, hurumin wa ne? Mutumin ya yi dariya, ya ce hurumin direba. Shi wasa yake yi, ni kuwa ji na yi kamar in kama kantar in girgiza.

Muka dawo Dutse, aka tura mu wani ofishin da aka ce tashar motar tana cikin huruminsa. Nan aka amince da mu, na ce alhamdu lillahi, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sai mun kawo takardar rantsuwa daga kotu tukuna. Wannan ba wanda ya gaya min tun farko, ba a kuma rubuta shi a bango ba, ko da yake bangon cike yake da takardu, har da hotunan mutanen da ake nema ruwa a jallo. Kowane mataki sai ka taka shi kafin a gaya maka akwai wani a gabansa. Abin da ya fi ci min rai ke nan a duk tafiyar. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya nemi wani abu a hannuna, kowa cikin ladabi yake tura ni gaba.

A kotu abin bai yi wuya ba. Magatakarda ya tambaye ni, na amsa, ya buga, Inna ta dangwala yatsa. Amma kafin mu koma caji ofis mai rubuta irin wannan takarda ya fita wani aiki, washegari kuma Juma'a ce, aka ce mu dawo Litinin. Duk wannan zirga-zirga a tsakiyar bazara ake yinta, da tsohuwa mai ciwon gwiwa a bayan babur ɗina, ta kama ƙarfen baya da hannu biyu don ba za ta riƙe ni ba. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Ni nake yi mata nata, in yi nawa.

Ranar Litinin saura kwana goma sha ɗaya. Muka sami mai rubutun, wani sajan dogo mai tabon sallah, ya shimfiɗa babban littafi a gabansa. Ya ba Inna kujera, ya ce, "Sannu Hajiya."

Ta ce, "Ba a kai can ba tukuna, ɗan nan. Sai in kun yarda."

Ya yi murmushi, ya buɗe littafin. Na matso na fara bayani kamar yadda na saba, sai ya ɗaga min hannu.

"Malam, kai ka kawo ta, amma ita ce mai rahoto. Ita za ta yi magana."

Na ja baya. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Sunan mahaifinta, ta faɗa. Garinsu, ta faɗa har da unguwa. Ya tambayi yadda abin ya faru, ta ba shi labarin leda da kuɓewa tiryan-tiryan, har yana cije leɓe don kada ya yi dariya. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya nuna ni da biro.

"Wannan da ya kawo ki, mene ne tsakaninku?"

Ta ɗan kau da kai. "Na gidanmu ne."

"Ɗanki ne?"

Ta ce, "Haka ake cewa."

"To yaya sunansa?"

Inna ta dubi ƙasa, ta gyara mayafinta, ta shiga jan carbi.

Na yi sauri na zaro katin shaidata na ajiye a kan littafin. Na ce, "Yallaɓai, ga shi nan a rubuce. Ɗan farinta ne ni, ka san al'ada."

Ya tura min katin da yatsa ɗaya. Ya ce, "Na sani, Malam. Ni ma tawa uwar haka take da yayanmu. Katinka ya nuna min kai wane ne, bai nuna min ta san ka ba." Sannan ya ba ni labari a taƙaice. Kwanakin baya wani ya zo da wata tsohuwa, ya ce uwarsa ce, takardar filinta ta ɓata. Aka tambaye ta sunansa ta yi shiru, shi kuma ya ce kunyar ɗan fari ce. Aka ba su takarda. Daga baya aka gano ba ta haɗa komai da shi ba, maƙwabci ne, da takardar ya je ya fitar da wata ta filin ya sayar. Tun daga ranar ogansu ya kafa doka: duk tsohon da aka rako, sai ya faɗi sunan ɗan rakiyarsa da bakinsa, a rubuta a littafi, kafin a ba da komai.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, wannan na fahimta. Amma fahimta daban, haƙuri daban. Na ce to a kira autanmu ya zo ya tsaya a madadina, shi tana faɗin sunansa ko a kasuwa. Sajan ya ce sunana ne a takardar kotu a matsayin wanda ya gabatar da ita, kuma ni ne magajin da aka rubuta tun a fasfon farko. In za a canza, sai dai a koma kotu a faro daga tushe, autan kuma yana can kudu wajen aiki. Na ce ta nuna sunan a kati da yatsa. Ya ce ta iya karatun boko? Ba ta iya ba. Na ce in faɗa, ita kuma ta gyaɗa kai. Ya ce wancan mutumin ma haka ya yi.

A nan zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga murya a wurin da ba a ɗaga murya. Na ce wace irin ƙasa ce wannan da ɓarawo zai yi laifi a hukunta tsohuwa mai niyyar Ɗakin Allah, na ce doka don mutane aka yi ta, na faɗi wasu maganganun da in ɗalibina ne ya faɗa min su, ranar sai ya share filin makaranta kaf. Mutanen da ke zaune a benci suka zuba min ido. Sajan ya rufe littafinsa a hankali, ya ce, "Malam, ka je ka huce. Littafin yana nan, ba inda za shi."

A bakin ƙofa Inna ta yi magana, ba ta dube ni ba. Ta ce, "An zo neman alfarma ana yi wa mutane tsawa. Wannan hali ba a gidanmu aka samo shi ba."

Da muka isa gida rana ta take, na kasa cin abinci. Inna tana zaune a tabarma a inuwar zaure na ciki, maiɗakina tana tankaɗe a gefe. Na zauna nesa kaɗan, na fara lallashi. Na ce kalma ɗaya ce, Inna. Malamai ma sun ce wannan kunya al'ada ce, ba addini ba, Hajji kuwa farilla ne. Na kawo hujja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kamar ina gaban allo.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "In sai an faɗa, a bar kujerar. Allah ya ga niyya."

Tumakin da ta yi ta yi wa yankan ciyawa da ciwon gwiwa suka faɗo min a rai, da kwanakin da na kashe tsakanin ofis da ofis. Abin da ya fito daga bakina ba shi na shirya ba. Na ce, "Inna, shekara arba'in da bakwai. Sunan nawa ne ya yi miki nauyi haka? Ki bar Makka don kada ki faɗe shi?"

Maiɗakina ta ajiye rariya, ta tashi ta shige ɗaki. Ni kaina sai da na ji kunyar muryata, don ba muryar malamin makaranta ba ce, muryar yaro ce. A ranar na gane ashe abin ya daɗe yana cina. Na tuna ranar da na zo na ɗaya a firamare, na sheƙo gida da takarda, ta karɓa ta miƙa wa kakata ba tare da ta duba ba, ta ce, "Ga ta yaronku." Na tuna ranar aurena, mata suna ta guɗa, ita tana bayan gida tana wanke tukwane kamar bikin maƙwabta ake yi.

Can Inna ta ce, "Abin da mutum yake jin tsoro a kansa, ba ya yawo da shi a baki." Ta tashi ta ɗauki buta.

Kwana biyu ba mu sake tayar da maganar ba. Na je makaranta na koyar da abin da ban san me na koyar ba. Na fara lissafin komawa kotu da kiran auta, na ga ko ya taso a ranar, kwanakin ba za su kai ba, don bayan takardar 'yan sanda akwai layin ofishin fasfo. Na haƙura a raina cewa kujerar ta tafi, kuma ina jin haushin kowa: matar kuɓewa, maƙwabcin da ya sayar da fili, sajan, ogansa, kakannin da suka ƙirƙiro kunya, da ni kaina.

Ranar Alhamis da safe na fito zan tafi aiki, na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta sa mayafinta na unguwa, takardar kotu a hannunta. Maiɗakina ce ta ce, "Inna ta ce a kai ta wajen mutanen nan."

Sajan yana nan, littafinsa yana nan. Na gaishe shi, na ba shi haƙuri kan abin da ya faru, ya ce ba komai, sun saba. A gefensa akwai wata kofur, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ita ke buga takardu a kwamfuta. Inna ta zauna, ta dubi kofur ɗin, ta ce, "'Yar nan, ke zan gaya wa." Sajan ya ce ya yarda, in dai a littafi za a rubuta. Sannan Inna ta ce, ba ta juyo ba, "A ce masa ya fita."

Na fita. Amma ban yi nisa ba, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai taga a gefen ofishin, a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya inda aka jibge baburan da aka kama. Na zagaya na raɓe a jikin bango tsakanin baburan nan masu ƙura, ni da furfurata da jakar littattafaina, ina kasa kunne kamar ɓarawon kaji. Ina jin muryar kofur tana cewa, "To Mama, ina jin ki." Ina jin ƙarar carbin Inna.

Daidai lokacin wani ɗan sanda ya zo bayan ofishin, taku uku daga inda nake, ya ja igiyar janareta. Ashe an ɗauke wuta, kuma takardarmu ce za a buga. Injin ya tashi da ruri da hayaƙi. Ta taga ina hango bayan mayafin Inna, ta sunkuya wajen kofur, kofur ta gyaɗa kai, ta juya ta gaya wa sajan, ya rubuta. Shi ke nan, an gama.

Da aka kira ni ciki, takardar tana fitowa daga inji. Aka kai wa oga ya sa hannu, aka buga hatimi, duka bai fi minti ashirin ba. Abin da ya ci mana kwana goma sha ɗaya ke nan. Inna ta riga ta fita, tana tsaye a jikin babur. Na tsaya ina ninke takardar, na kasa tafiya. Na ce wa kofur, a hankali don kada sajan ya ji, "Ta faɗa kuwa?"

Ta ce, "Ta faɗa mana, Baba. Cikakke, ba ta rage komai ba. Sai dai ta haɗa da 'Allah ya yi masa albarka', har na tambayi sajan ko da shi za a rubuta."

Na ce, "Yaya ta faɗe shi?"

Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Yadda ake faɗin suna."

Fasfo ya fito ana saura kwana biyu a rufe. Inna ta tafi, ta dawo lafiya, ta kawo wa kowa tsaraba. Tawa hula ce da carbi, ta miƙa wa maiɗakina ta ce, "A ba shi." Yanzu in an ce mata Hajiya tana amsawa, ni kuma har gobe "kai" nake, in na yi laifi in koma "yaron nan". Ban sake tayar mata da maganar ba, ba kuma zan sake ba.

Kofur ɗin an mayar da ita ba da hannu a titi. Kusan kullum ina wuce ta a hanyar makaranta, in rage gudu in gaishe ta, ta amsa da fara'a, na tabbata ba ta ma tuna inda ta san ni ba. A duk garin nan ita kaɗai ce ta ji sunana a bakin uwata, kuma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ina gaishe ta da zuciya ɗaya, amma har yau ina jin haushinta.